Idan bos ne mai gaskiya: wariya da ramuwa a labarin zane

Wanda ya saba zama a fada a Zinder ya san yadda gardamar labaran zane irin One Piece ko X-Men take tafiya. Maganar wa ya fi wa ƙarfi ba ta wuce shayi na farko. Wadda ke kai mutane har na uku ita ce ta bos, wato babban abokin gaban jarumi, wanda aka zalunci danginsa. Wani ya ce Magneto, bos ɗin X-Men, yana da gaskiya, ko shi aka yi wa haka abin da zai yi ke nan. Wani ya ce wanda ya taɓa yaron da bai ji ba bai gani ba ya fita daga sahun waɗanda ake tausaya wa. A watse ba a daidaita ba, gobe a dawo a ɗora. Labarin da ke haifar da irin wannan gardama da gangan aka gina shi haka, kuma ginin abu ne da ake koya. Wannan rubutu na masu zana bede ne, wato labarin zane, musamman na almara mai aljanu da dodanni da masu baiwar da ta wuce ta ɗan Adam, waɗanda ke son su taɓo wariya ba tare da labarin ya koma wa'azi ko zagi ba.

Amfanin almara a nan shi ne jirwaye mai kamar wanka. Mutumin da zai ture littafi da zarar an ambaci ƙabilarsa, zai karanta har ƙarshe in an ce mutanen wata duniya ne, sai ya rufe sannan ya ji sandar a jikinsa. Tsohon misali shi ne Judgment Day, gajeren labarin da kamfanin EC ya buga a Amurka a 1953. Ɗan sama-jannati ya sauka a duniyar mutum-mutumi, inda masu launin lemo ke cikin daula, masu launin shuɗi kuma an ware su a unguwarsu, alhali kayan cikinsu iri ɗaya ne, fenti kawai ya bambanta. Ya ce ba za a karɓi duniyarsu cikin tarayyar duniyoyi ba sai sun gyara. Tun shafin farko kansa na cikin hular ƙarfe, sai a akwatin ƙarshe, wato zanen ƙarshe na labarin, ya cire ta, aka ga baƙar fata ne. Da aka zo sake bugawa a 1956, hukumar tace littattafan zane ta nemi a sauya launin mutumin, mai kamfanin, William Gaines, ya ce atafau. Akwati ɗaya tak, kuma shi ya tsone musu ido.

Sai dai tulun yana da tsaga, kuma a X-Men ta fi fitowa fili. Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro su a 1963: mutane ne da aka haifa da wata baiwa, jama'a na tsoronsu suna ƙyamarsu. To amma Cyclops, in tabaransa ya faɗi, hasken idonsa na iya rusa gini. Shugabansu, Farfesa Xavier, yana shiga tunanin mutum ya karanta ko ya goge. Maƙwabcin da ya ce yana tsoron waɗannan bai yi ƙarya ba. Wariya ta zahiri kuwa a kan ƙarya take tsaye, domin babu wani haɗari a jinin baƙar fata, ko ɗan maƙeri, ko jikan bawa. In ka ba waɗanda ake warewa ƙarfin halaka gari, ka miƙa wa mai wariya hujjar da ba shi da ita a duniya, mai karatu kuma ya tashi da tunanin cewa ashe dai akwai dalili.

Ana toshe tsagar ta hanyar raba baiwar ga kowane ɓangare. In akwai masu siddabaru cikin mutanen bayan gari, a sa akwai su a fada ma, amma na fada ana ce musu masu baiwa, na bayan gari ana ce musu mayu. Ko kuma baiwar ta zama mai amfani ga gari, wariyar kuma ta zama hanyar cin moriyarta da arha. Haka Chris Claremont ya yi a 1988 da ya kawo Genosha, tsibiri mai arziki wanda arzikinsa ya ginu a kan bautar da masu baiwa, lokacin ana cikin mulkin wariya a Afirka ta Kudu. Ta biyun ta fi kama da yadda abin yake, domin wariya ba ta cika daɗewa ba in babu mai cin riba da ita. Kafin ka zana ko fuska ɗaya, rubuta amsar wannan a takarda: wa ke samun me da wannan tsari, kuma me zai rasa ranar da aka rushe shi?

Nauyin labarin yana kan waɗanda aka zalunta, da abin da kowannensu ya zaɓa ya yi.

Magneto na 1963 bos ne kawai mai son mulkin duniya, har sunan ƙungiyarsa na ɗauke da kalmar mugaye. Maganar da ake yawan yi cewa tun farko an gina shi a kan Malcolm X, Xavier kuma a kan Martin Luther King, ba ta dace da abin da ke cikin fitowar farko ba. Sai a 1981, a fitowa ta 150 ta X-Men, Claremont ya bayyana cewa mutumin ya tsira ne daga Auschwitz, sansanin kisan gilla na 'yan Nazi, danginsa sun halaka. A wannan fitowar ya nutsar da jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet da mutanen cikinsa, sannan a tsakiyar faɗa ya bugi Kitty Pryde, yarinya ƙarama, ita ma mai baiwa, kuma Bayahudiya. Ya zaci ta mutu, jikinsa ya yi sanyi, ya bar faɗan. Abin da mai rubutu zai lura da shi shi ne laifin ya fito ne daga cikin hujjarsa. Hujjarsa ita ce zai ture duk wanda ya tsaya a gabansa don kada a sake yi wa yaransu abin da aka yi wa nasa dangin, ga shi wadda ta tsaya a gabansa ɗaya ce daga cikin yaran.

Kwatanta da Killmonger, bos ɗin fim ɗin Black Panther na 2018, wanda shi bos ɗin ya fara fitowa ne a littafin zane a 1973. Tambayarsa mai nauyi ce: ina Wakanda, ƙasar Afirka ta almara a fim ɗin, take da duk ƙarfinta lokacin da ake kwashe 'yan Afirka ana danne jikokinsu? Babu wanda ya ba shi amsa mai gamsarwa, har sarkin kansa daga baya ya sauya siyasar ƙasar. Amma kafin nan an sa ya harbe budurwarsa, ya shaƙe dattijuwa mai kula da lambun tsiron sarauta. A ganina nan marubutan suka ji tsoron abin da suka halitta, suka shafa masa baƙin jini da hannunsu don kada 'yan kallo su bi shi. Ga yadda za ka kama kanka in ka yi haka. Cire mugun aikin daga labarin ka sake karantawa. In hujjar bos ta tsaya daram kuma jaruminka ba shi da ta cewa, to da laifin ka fake don ka tsere wa amsa. Ko dai ka koma ka nemo wa jarumin amsa, ko ka bar labarin ya yarda cewa babu ita.

Mai haƙuri ma kada a bar shi ya ci bulus. Mun taso da jin cewa mahaƙurci mawadaci, amma labarin da ya saka wa mai haƙuri da alheri a shafi na ashirin, kowa ya rungumi kowa, ya yi wa waɗanda suka yi haƙuri har suka mutu ba su ga komai ba ƙarya. Nan Eiichiro Oda ya yi aiki mai kyau a sashen tsibirin mutanen kifi na One Piece, domin bai tsaya a kan mutum biyu ba. Sarauniya Otohime tana bin jama'a tana tara sa hannu don a nemi zama tare da 'yan Adam, aka harbe ta tana tsakiyar aikin. Fisher Tiger ya yi bauta, ya kuɓuta, ya koma ya 'yanta bayi ba tare da ya duba jinsinsu ba, ya hana mutanensa kisa, amma da ya ji rauni ya ƙi a ƙara masa jinin ɗan Adam ya mutu a haka, yana faɗa da bakinsa cewa ya san Otohime ce ke kan hanya amma zuciyarsa ta kasa. Arlong ya ɗauki fushin ya je ya sauke a kan ƙauyen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sai Hody Jones, wanda da aka tambaye shi me 'yan Adam suka yi masa, ya ce ba komai. Gadon ƙiyayyar ya ci, kuma shi ne ya kashe Otohime ya ɗora wa ɗan Adam. Mutum huɗu, rauni ɗaya, kuma wanda ya fi taɓa zuciya shi ne Tiger, saboda iliminsa da zuciyarsa sun raba hanya kuma marubucin bai tilasta musu haɗuwa ba.

Bitter Root, wanda David Walker da Chuck Brown da Sanford Greene suka fara a 2018, ya shigar da saɓanin cikin gida ɗaya. A unguwar Harlem ta birnin New York a 1924, ƙiyayya na mayar da mutum dodo, akwai kuma dangin baƙar fata da suka gaji maganin saiwoyi na mayar da dodon mutum. Wasu a gidan sun tsaya a kan magani, wani ya ce kisa ne kawai ya rage. Sannan labarin ya fito da wani nau'in dodo na biyu, wanda baƙin cikin wanda aka zalunta ke haifarwa, ta hanyar wani likita da ya rasa iyalinsa a kisan gillar da aka yi wa baƙar fata a garin Tulsa na Amurka a 1921. Dabarar gida ɗaya ta fi ta maƙiya biyu, domin wanda kake ci da shi a kwano ɗaya ba ka iya sallamarsa da cewa mugu ne.

Shi kuma mai wariyar, kuskuren da aka fi yi shi ne a zana shi da jajayen idanu da haƙora a waje. Mai karatu ya duba ya ce alhamdulillahi ni ba haka nake ba, ya wuce. A God Loves, Man Kills na 1982, Claremont da Brent Anderson sun sa bos ɗin ya zama mai wa'azi mai kwat da laushin harshe, jama'a na cika fili don saurarensa, kuma wanda ya dakatar da shi a ƙarshe ɗan sanda ne da ba shi da wata baiwa. Ka ba mai wariyarka kirki na gaske a wani fanni: yana ciyar da almajirai, yana son 'yarsa, ba ya cin amana a ciniki. Sannan ka nuna shi yana sa a ware kofin da wani ya sha ruwa da shi, ba tare da ya ɗaga murya ba. Haka kuma wanda aka zalunta ba waliyyi ba ne. Art Spiegelman, a littafinsa na zane Maus da ya sami kyautar Pulitzer a 1992, ya zana mahaifinsa da ya tsira daga Auschwitz yana ta faɗa don an rage wa baƙar fata hanya a mota, yana zargin zai sace musu kaya. Bai ɓoye ba, kuma hakan bai rage komai daga zaluncin da aka yi wa tsohon ba.

Mai zane a Damagaram bai kamata ya aro baƙi da fari na Amurka ya tsaya nan ba. Wariyar launi mun san ta: Zinder ce hedkwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar har 1926, dokar da ta ware 'yan ƙasa da aikin tilas kuma sai a 1946 aka soke su, kuma duk unguwar da ke da wanda ya je ci-rani Libiya ko Aljeriya ta ji irin sunayen da ake kiran baƙar fata da su a can. Amma akwai ta cikin gida wadda ba ta duba launi, kuma ita ce ta fi wuyar zanawa. Binciken asali kafin aure. Yadda wasu gidaje ke ja da baya in an ce saurayi ɗan mahauta ne ko ɗan makaɗa ko jikan bayi. Sai a 2003 Nijar ta sa hukuncin bauta a dokar laifuka, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati don ta kasa kare ta daga bauta. Unguwar Kara-Kara ta Zinder ta samo asali daga wurin da aka ware wa kutare, kuma fim ɗin Aïcha Macky na 2021 ya nuna yadda sunan unguwar ke bin samarin da ba su taɓa cutar ba. Ko labarin Bayajida, a ruwayar da ta fi yaɗuwa, ya raba zuriya gida biyu, ta ɗan sarauniya da ta ɗan ƙwarƙwara, aka kira ɗaya Hausa bakwai ɗaya banza bakwai. Almara ce mai maciji da rijiya da baƙo jarumi, kuma an daɗe ana jera mutane sama da ƙasa da ita.

A yi hattara da abu ɗaya. Kada ka ba mutanen almararka tsagar fuska ko naɗin rawani ko karin harshe na wata ƙabila da ake zaune da ita a Birni ko Zango, balle ka ba bos. Ƙirƙiro alamar da ba ta kowa ba. Ko wasan taubasai, irin na Barebari da Fulani, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana tafiya ne da murya da fuska da sanayya. A kan takarda duk waɗannan ba sa nan, kalmar kaɗai ke saura, kuma hoton shafin zai kai wayar wanda bai san wasan ba.

Ga misalin gini, don a ga yadda sassan ke haɗuwa. Gari ne a cikin duwatsu mai fama da ƙarancin ruwa, abin da ba sai an yi wa mutumin Zinder bayani ba. Akwai wani dangi da ke jin motsin ruwan ƙarƙashin ƙasa ta tafin ƙafa. Su ke nuna inda za a haƙa rijiya, su ke shiga ciki, amma a bayan ganuwa suke kwana, ba a aurensu, kuma ba sa jefa guga sai an gama shayar da dabbobi. Gida ɗaya, mutum uku: tsohuwa mai kai gaisuwa fada duk salla ana ba ta zane, ɗanta mai zafin kai, da jikarta da ta ɓoye asalinta tana talla a cikin gari. Rijiya ta rufta da mahaifin yarinyar, gari ya hana a binne shi a maƙabartarsa.

"Inna, shekara nawa kina kai musu gaisuwa?"

"Tun ba a haife ka ba."

"To ina kabarin Yaya?"

Akwatin da ke biye kada a sa magana a cikinsa. Hannun tsohuwar kawai, riƙe da igiyar guga. Daga nan ɗan ya toshe jijiyar ruwa. Tambayar da za ta ba labarin nauyi ita ce wa ƙishirwa za ta fara kamawa. Fada tana da randuna cike. Wanda zai fara faɗuwa shi ne tsoho mai ga-ruwa, da matar da ta riƙa ba yarinyar tuwo ba ta taɓa tambayar 'yar gidan wa ce ba.

"Kawu, Baba mai ga-ruwa ya faɗi a ƙofar gari."

"Ba ni na kayar da shi ba."

"Kwana uku ke nan bai sami abin sayarwa ba."

Laifin kawun ya fito daga cikin dabararsa, ba a liƙa masa shi ba. Kuma dole a nuna cewa dabarar ta yi aiki, domin sai da rijiya ta ƙafe fada ta aiko a yi magana, abin da gaisuwar shekara arba'in ba ta samo ba. Yarinyar ce ke tsaka mai wuya, tunda kowace hanya ta bi sai asirinta ya tonu. Kada a rufe da ɗan sarki mai kirki da ya aure ta, kowa ya yi guɗa. Aure ɗaya ba ya sauya layin guga.

Irin wannan labari yana shiga ɗan littafi mai shafi 24, wato takardar A4 shida a ninke biyu a maƙale da ƙusar takarda a tsakiya. Bango da cikinsa sun ci shafi huɗu, saura 20 na labari, daga na 3 zuwa na 22. Wajen jera shafuka don fotokofi, duk biyun da ke gefe ɗaya na takarda jimlarsu 25 ce: 24 da 1, 2 da 23, har zuwa 12 da 13. Waɗannan biyun na tsakiya su kaɗai ne zane zai iya ratsawa ba tare da ya karye ba, don haka nan za a sa taron gari a bakin busasshiyar rijiya. Shafuka masu lamba mara suna dama, masu lamba cika suna hagu, kuma ido na ganin shafi biyu a tare da zarar an buɗe. Saboda haka duk abin da kake son ya zo wa mai karatu ba zato, kamar ruftawar rijiya, sa shi a akwatin farko na shafi mai lamba cika, na 8 misali, tambayar da ke jawo shi kuma a akwatin ƙarshe na shafi na 7. In da ajami kake rubutu, ko kana bin tsarin manga, wato bede na Japan, daga dama zuwa hagu, sai ka juya lissafin. Shafi huɗu na farko a bar su ga rayuwar yau da kullum, layin guga da ƙofar da ake rufewa da magariba, ba tare da kowa ya ce ana zaluntarsu ba. Akwati biyar ko shida sun isa a shafin A5, da'irar magana kuma kada ta wuce kalma ashirin zuwa ashirin da biyar. In jawabin kawun ya ƙi shiga cikin da'ira biyu, alama ce ka fara wa'azi.

Saura hannu, wanda kan ci amanar labari ko da rubutun ya yi kyau. Yawancinmu daga manga da bede na Turawa muka koyi zane, kuma ba su koya mana fuskar mutanenmu ba. Tintin au Congo, wanda Hergé ya fara bugawa a 1930, shi ne misalin da aka fi sani: fata baƙa ƙirin kamar an zuba tawada, leɓe babban zobe mai haske, kowa fuskarsa ɗaya. An kai littafin kotu a Beljiyam, a 2012 kotu ta ƙi hana shi, amma salon ya riga ya zama abin kunya. Mai koyo kan faɗa cikinsa ba da niyya ba, saboda in ka cike fuska da baƙi, hanya mafi sauƙi ta nuna baki ita ce ka bar shi fari. Maganin shi ne a zana leɓe da layin tsakiya da 'yar inuwa a ƙarƙashin na ƙasa, ba a zagaye shi ba. Duba kuma zanenka gaba ɗaya ka ƙirga: in jarumai sun fi haske, miyagu sun fi duhu da faɗin hanci, hannunka ya faɗi akasin abin da bakinka ke faɗa.

Injin fotokofi ba ya son toka-toka. Inuwar fensir ko dai ta ɓace ko ta dunƙule ta zama baƙin tabo, idanu su nutse a ciki. Duhun fata a yi shi da siraran layuka na baƙin bik ko alƙalamin tawada, a jere gefe ɗaya, da tazarar da ido ke gani, a bar fari a goshi da karan hanci da saman kunci inda haske ke sauka. Wasu masu zane suna barin fatar kowa ba inuwa, gashi da siffar fuska su yi bayani, kuma ga labarin da kowa a cikinsa baƙar fata ne wannan ya fi tsabta da sauri. Rage A4 zuwa A5 yana mayar da komai kashi 71 cikin 100, layukan da suka yi kusa sai su haɗe. Gwada da shafi ɗaya kafin ka zana ashirin: rage shi, yi fotokofi, sannan ka yi fotokofin fotokofin, ka kuma ɗauki hotonsa ka tura ta WhatsApp ka duba a ƙaramar waya, domin ta nan mafi yawa za su karanta.

Harufa su kai milimita 4 a kan A4 don su tsira bayan ragewa. Yawancin salon rubutun bede na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su bar gurbi ko su sa harafin wani salo da bai dace ba, don haka rubutun hannu ya fi aminci, a kuma ja lanƙwasar da kauri. In ta ɓace a fotokofi, baƙi ya koma baki. Ita kanta kalmar baƙi a rubuce tana nufin launi tana kuma nufin waɗanda suka zo daga wani gari, karin murya ne ke raba su, takarda kuwa ba ta da murya. In mai gadin ƙofa a labarinka ya ce "ba a barin baƙi su kwana a cikin ganuwa", sai ka yanke shawara tun kafin tawada ko zanen zai fayyace wanne yake nufi, ko za ka bar shi a haka da gangan.